Ƙyalle Biyu Daga Rufin Ɗakin Awaki

Azare,
Ƙarshen damina.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kano lafiya, Ya haɗa ka da masauki mai kyau da abokan zama na gari. Mu nan ƙalau muke. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ka san ta, ba za ta kama sunanka ba, amma tun da motarku ta tashi take tambayata ko yaron nan ya sami inda zai riƙa cin abinci, kamar ni na bi ka.

Kafin ka ci gaba da karatu, ka duba cikin ambulan. Akwai ƙyalle biyu na buhun roba, ɗaya na ɗaura masa jan zare. Kada ka yar da su, kada kuma ka ja su da ƙarfi tukuna. Saboda su na zauna rubuta wannan wasiƙa, kuma saboda su na ba direban Kano ita maimakon in jira gidan waya.

Ka tuna da farkon damina, lokacin da ka je ganawa da masu kamfanin nan da ya ɗauke ka, sun ba ka buhu ɗaya samfur, ka kawo mini tsaraba. Da ka ba da baya na yanki ƙyalle a jikinsa, na yanki wani a jikin tsohon buhun takin zamani, na kafa su gefe da gefe da ƙusa a kan kwanon ɗakin awaki. Ba zargi ya sa ni ba. Hali ne da aikin jarida ya bar mini, in an ce abu yana da ƙarfi sai in so in gani. Na yi niyyar barinsu har bayan kaka, sa'annan mu duba tare mu yi hira a kai.

Sai ga yammacin da muka yi maka sallama. Baffanka Alhaji Garba ya zo daga Udubo, kana zaune a ƙasa gabansa, ya dube ka ya ce, "Kai Nasiru, shekara da shekaru ana kai ka makarantar saƙa a Kaduna, ashe buhu za ka ƙare da shi?"

Mahaifiyarka ta amsa daga bayan labule, "Ku gaya masa dai, Alhaji. Ni da na ɗauka masaƙar atamfa zai je, in riƙa sauya zani kowace Juma'a."

"Atamfa ta taɓa ɗauke miki wake daga gona?" in ji shi. "Ki bar mini ɗana. Ji nan, Nasiru. Bana kada wanda ya kawo mini buhun wani. Waken Udubo, nawa da na duk wanda nake saye a hannunsa har Gamawa, a buhun ɗana za a zuba shi. Ka gaya wa manajanku ya shirya."

Ka ce, "An gama, Baffa." Na ga fuskarka. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da gari ya waye, bayan na dawo daga raka ka tasha, na ari tsani a maƙwabta na hau.

Na takin zamani ya ƙoɗe, rubutun jikinsa ya goge, amma na ja shi da hannu biyu bai ba da kai ba. Naku, wato mai jan zaren, tun ina zare ƙusar gefensa ya yage kamar takarda. Na murza shi tsakanin yatsu, ya bar mini farin gari. Ruwa ɗaya ya dake su, rana ɗaya ta gasa su, kuma na takin ya girme shi da shekara. Yanzu kana iya ja da kanka.

Ka san yadda wake yake tafiya a ƙasar nan. Ba a cikin sito yake kwana ba. Ana jibge buhuna a bakin gona a jira mota, a sauke a kasuwa a jira dillali, a sake jibgewa a tasha a jira babbar motar kudu, duk a fili, a ranar kaka da take biyo bayan damina. Buhun da rana ta cinye ba ya nuna alama. Yana nan tsaye kamar lafiyayye har sai ɗan dako ya ɗaga shi ya kai kafaɗa, sa'annan cikinsa ya fashe. In haka ta faru a kasuwar Azare, babu wanda zai ambaci sunan kamfani, don babu wanda ya san shi. Cewa za a yi buhun Nasiru ɗan Malam Sule.

Ina so in yi adalci, kai ma ka yi. Ƙyalle ɗaya ba hujja ba ne. Mai yiwuwa samfurin tsohon ajiya ne. Mai yiwuwa irin wanda ake yi wa fulawa da sukari ne, da ba a yi shi don zaman rana ba. Na karanta cewa akwai wani sinadari da ake haɗawa da ƙwayar robar kafin a narka ta a ja zare, shi yake hana rana cin buhu. Kai ka fi ni sanin sunansa. Abin da na sani shi ne daga waje ake kawo shi, kuma tun da darajar naira ta karye, duk abin da ake kawowa daga waje wanda ido ba ya ganinsa a jikin kaya, shi ake fara ragewa. Ban ce haka aka yi ba. Na ce dole a tambaya, kuma tunda ɗakin gwajin ƙarfin yadi aka ba ka, tambayar taka ce.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa maganar Baffanka ta hana ni sukuni. Kana ƙarami ƙwarai lokacin, ba za ka tuna ba. Ina aikin jarida aka tura ni bikin buɗe wata masana'anta da aka ce za ta riƙa saƙa buhu da zaren rama. Aka yanka ƙyalle, aka tada injuna, muka ga buhu yana fitowa ta ɗaya gefen, aka ba mu lemo. Na koma na rubuta cewa manomin rama ya warke, masu saye suna tafe har ƙofar gida. Ban yi ƙarya da gangan ba, abin da aka faɗa a wurin ke nan. Labarin ya iso nan, aka karanta shi a majalisu. Baffanka ya ce ai ƙanensa ne ya rubuta, ya gani da idonsa. Ya ware gonar da ya saba yi wa gero ya zuba rama. Mutanen Udubo da na garin Gololo da dama suka bi shi.

Ba wanda ya zo saye. Daga baya na gano zaren da na ga injunan suna ci ran nan daga ƙetare aka kawo shi a jirgin ruwa, kuma ba a taɓa gwada su da irin namu ba. Tambaya ɗaya ce da na yi ta a wurin da na sani: wannan zaren daga ina? Ban yi ba, don kowa yana murna, ni kuma ban so in zama mai ɓata biki. Shekarar nan an ci kwaɗon rama a Udubo har yara suka riƙa gudu in sun ga akushi, an tufka igiya har kowace akuya ta sami biyu. Yau dariya ake yi. A lokacin geron gidan Baffanka bai kai su bazara ba. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Iyakarsa in mun haɗu a taro ya ce, "Ɗan jarida, masu sayen ramar nan sun iso Potiskum kuwa?" Har yau yana yi.

Mutumin nan ya taɓa dogara da maganata don ni jininsa ne. Yanzu ya dogara da taka saboda wannan dalilin. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, a wurin aikinka za a yi ta nuna maka abu yana tafiya daidai, ranar da baƙi suka zo, ranar da manya suka kewayo. Ka yi murna tare da kowa, sa'annan ka koma ranar da babu baƙi ka sake dubawa. Kuma tambayar da ka ji kunyar yi, yawanci ita ce wadda ake bukata.

Kuskure na biyu ƙarami ne, ni kaɗai ya ci. Shekarar da buhun roba ya fara yawa a kasuwa, na ga yana sheƙi, ba ya jin ruwa, ba ya warin buhun algarara, sai na ɗauka ya fi shi ta kowace fuska. Na zuba irin gyaɗata a cikin mai leda a ciki, na ɗaure baki tam, na ajiye. Gyaɗar ba ta gama bushewa ba. A algarara da ta ci gaba da shan iska ta ƙarasa. A wannan ta yi gumi, ta yi fumfuna, da na shuka sai tsilli-tsilli. Buhun ba shi da laifi, an yi shi ne don taki da gishiri, ni na ba shi aikin da ba nasa ba.

Wannan shi ne bambancin sana'arka da ta masu atamfa. Mai sayen atamfa yana ganin abin da ya saya, in launi bai yi masa ba ya ajiye. Mai sayen naka yadin ba ya iya gani. Bai san ko zai sha iska ba, ko zai jure rana, ko zai ɗauki nauyi. Saboda haka duk wanda ya zo maka neman buhu ko tamfol, kafin ka faɗi kuɗi ka tambaye shi me zai zuba, ina zai ajiye, har yaushe. Albasa tana son mai huji-huji. Siminti yana son wanda ba ya zubar da gari. In abin da kuke yi bai dace da bukatarsa ba, ka gaya masa ya tafi wani wuri. Zai dawo maka wata rana.

Kada ka ɗauka duk wannan yana nufin ina baƙin ciki da zaɓinka. Ko kusa. Na taɓa raina irin wannan yadi, kuma shi ne kuskurena na uku. Ka san Emeka mai shagon tamfol a bakin kasuwa, wanda ya fi wasunmu jin Hausar Azare. Lokacin da na bar jarida na dawo gida, ya same ni ya ce mu haɗa hannu mu riƙa kawo tamfol muna ba da hayar rumfa a biki da suna, muna kuma sayar wa masu manyan motoci. Na ce masa ni da na yi shekaru ina riƙe alƙalami, ba zan koma ɗaure igiya a gidan biki ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, alƙalami ba ya tare ruwan sama." Yau duk taron da aka yi a garin nan a ƙarƙashin rumfarsa ake zama. Ranar sunan ƙanwarka ni ma tamfol ɗinsa na ara, ya aiko da shi da saƙon wai a gaida mai alƙalami.

Don haka in abokan karatunka da suka shiga masaƙun atamfa suka tsokane ka da ɗan buhu, ka yi dariya kawai. Ni abin da nake gani shi ne nasu ne yake cikin haɗari. Dilolin gwanjo sun cika kasuwa, atamfar sumoga tana shigowa ta kan iyaka a farashin da ba za su iya ba, kuma ina jin labarin masaƙun da suka rage kwanakin aiki. Mace tana iya haƙura da sabon zani bana. Manomi ba ya iya haƙura da buhu. Duk takin da za a raba, duk simintin da za a yi gini da shi, duk hatsin da zai bar ƙasarmu ta Katagum zuwa kudu, sai an sa shi a cikin wani abu, kuma sai an rufe shi da wani abu a kan mota. Ka ƙara da gidan sauro, da bandejin asibiti, da zaren da ke cikin tayar mota, da bel ɗin injin niƙa. Ka ƙara da ɗan ƙyallen nan da ake raba wa mata a ƙauyuka su tace ruwan tafki saboda kurkunu. Na riƙe shi a hannuna, bai fi hula girma ba, amma ramukansa an auna su, in suka fi haka faɗi kaɗan ya tashi daga aiki. Har na karanta a wata mujalla cewa a wasu ƙasashe ana shimfiɗa wani irin yadi a ƙarƙashin hanya kafin a zuba tsakuwa, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Na tuna hanyar Gamawa da damina na ce ina ma. Kusan duk waɗannan daga waje muke sayensu. Wanda ya iya yin su a nan, ya yi su da kyau, ba zai rasa aiki ba har tsufansa.

Amma ina da tsoro, kuma gara in faɗa maka shi. Ƙwayar robar da kuke narkawa daga man fetur ake samunta, mu kuwa da muke da man har yanzu jira muke a kawo mana mafi yawanta a jirgi. Ranar da jirgi ya makara, injinku ya tsaya. Wutar lantarki in ta ɗauke ana cikin ja, robar ta daskare a cikin inji, asarar ba ƙarama ba ce. Kamfanin da ke cikin irin wannan matsi yakan fara neman inda zai rage, kuma inda ya fi sauƙin ragewa shi ne inda mai saye ba zai gani ba sai bayan wata da watanni. Ni a ganina a nan sana'ar za ta tsaya ko ta faɗi. In buhun gida ya yi suna da fashewa, mutane za su koma wa na waje ko da ya fi tsada, kuma ba za su dawo ba. Manomi yana yafe wa ɗan'uwansa, ba ya yafe wa buhu.

Ga abin da nake ba ka shawara, kai kuma ka auna. Kada ka shiga ofishin manaja da ƙyallen nan a hannu kamar mai kai ƙara. Sabon ma'aikaci ne kai, ba ka san wanda ya yanke wace shawara ba. Ka fara da naka aikin. Ka ɗebo daga abin da ake saƙawa yanzu, ka gwada yadda aka koya muku, ka shanya wani a rana, ka tambayi masu haɗa robar cikin ladabi me suke zubawa. In ka tarar na yanzu lafiyayye ne, alhamdu lillahi, ka aiko mini in kwanta da daɗi. In ka tarar irin wannan ne, ka sami babbanka shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ka ce masa akwai mai saye babba a ƙasarku, kayansa a rana suke zama, kuma kana so buhun farko da zai shiga kasuwar Azare ya zama wanda zai jawo na biyu. Wannan gaskiya ce, kuma magana ce da ɗan kasuwa yake ganewa. Ka nuna masa ƙyallen biyu tare, ka bar shi ya ja da hannunsa.

Yana iya gode maka. Yana iya cewa yaro ya zo jiya yana koya wa mutane aiki. Yana iya ajiye maka takardar gwaji ya ce sa hannu. Na san abin da nake roƙonka ke nan, kuma na san yadda aiki yake wuya a wannan zamani, na ga takardun neman aikin da ka yi ta aikawa kafin wannan ya samu. Duk da haka kada ka sa hannu a kan abin da ka gwada ka ga bai kai ba. In abin ya kai ga su ce ka tafi, ɗakinka yana nan, mahaifiyarka ma ba ta bari an taɓa shimfiɗarka ba. Zan fi iya jure ganinka a zaure ba aiki da in gan ka kana sauya hanya a kasuwa don kada ka haɗu da mutanen Udubo.

Sauran ƙananan abubuwa. Kada ka sa babbar riga kusa da inji, ko da na minti ɗaya ne. Ka rufe hancinka a ɗakin narka roba ko da sauran suna dariya. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka san inda masallacin unguwarku yake tun kafin ka san inda ake shayi.

Ban gaya wa mahaifiyarka ba. Ta gan ni a kan tsani ta ce, "Malam, da girmanka? Me ka ajiye a can?" Na ce kwano nake dubawa, kuma ban yi ƙarya ba. Baffanka ma ban gaya masa ba, don na fi so ya ji daga bakinka, ko labari mai daɗi ko akasinsa. Haka zai san ɗansa yana duba abu kafin ya ce an gama. Amma ka sani wake ya fara yin ja a gonaki, roro ya kusa, kuma ya riga ya sallami mai kawo masa buhu na da. In lokacin ya zo ban ji daga gare ka ba, zan hau mota in je Udubo da kaina in ce masa ya dakata. Ba zan bari ya ƙara sauraron gidan nan ya yi asara ba. Ina roƙonka ka riga ni.

Ban mayar da tsanin ba tukuna, yana nan jingine da ɗakin awaki. Ka aiko mini da sabon ƙyalle ta hannun direban nan, daga abin da injinku yake fitarwa yau. Ƙusoshin suna nan a inda na zare su.

Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da mugun aboki. Ya ba ka ido mai gani da harshe mai taushi, Ya sa manyanka su saurare ka. Ya yi wa aikinka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya da mutuncinka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule.